Kada Ki Buɗe Shuɗiyar Kula

Hajiya,

An kira ni shago, na fita kafin ki dawo daga kasuwa.

Don Allah kada ki buɗe shuɗiyar kular nan da ke kan tebur. Ba abinci a ciki. 'Yar na'urar rediyon da na haɗa ce, mai aika sautin ƙit-ƙit ɗin nan a gajeren zango. Sati uku abokina Dogo yana kasa kunne daga garinsu bai ji komai ba. Ashe zafin ɗakin ne ke sa ta zamewa daga inda na saita ta. Da safe na naɗe ta a tawul na sa a kula, ta tsaya cak. Ƙarfe goma sai ga kiran Dogo, yana ihu: "Malam, ina jin ka raɗau, kamar kana bayan ɗakina!" Da batirin tocila huɗu fa!

Ƙarfe huɗu zai naɗi sautin ya tura wa 'yan ƙungiyarmu ta masu haɗa rediyo shaida. In aka ɗaga murfin ta sha iska, an koma gidan jiya.

Na san sabuwar kular ce, ta baƙi. Kuma e, na huda murfin don waya ta fito. Hudar ƙarama ce, wallahi. Ki yi haƙuri, ki ajiye min faɗan, in na dawo zan zauna in sha abina.

Kin sha cewa ko a falo ba mai sauraron surutuna. To, yau an saurare ni daga kilomita ɗari shida.

Maigidanki