Ƙafar da Ta Ƙi Daina Ɗinki

Zuwa gare ka telana, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, mijina uban 'ya'yana. Gaisuwa da so wanda ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na damƙa shi ga alƙalami. In na buɗe baki a gabanka sai ka yi murmushin nan naka ka mayar da maganar wasa, ni kuma in narke in manta abin da ya kawo ni. To yau babu narkewa. Zauna ka karanta.

Ka tuna ranar da na fara shiga shagonka da yadi a hannu? Ka miƙe da abin awo rataye a wuya, dogo kamar giginya, har sai da ka kauce wa fanka. Ka tambaye ni wane irin ɗinki nake so, na tsaya ina ta kame-kame, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba! Yau ina tsayin nan ya tafi, rabin raina? Keken ɗinki ya lanƙwasa min bayanka kamar lauje. Jiya ina kallonka ta taga, autarmu ta rugo ta ɗaga hannuwa don ka ɗauke ta. Ka fara sunkuyawa, ka cije leɓe, ka shafa kanta kawai ka wuce. Ta bi ka da ido.

Da kunnenka ka ji abin da likitar ƙashi ta faɗa: in aka ci gaba a haka sai an yi maka aiki a baya, kuma ba ta yi alkawarin za ka sake hawa keken ɗinki ba. Ita ta koya mana wannan motsa jiki na sannu-sannu, wanda da Turanci ake kira "yin yoga". Ka durƙusa, ka kifa ƙirji a kan matashi, ka saki kafaɗu, ka ja numfashi, ka zauna a haka har jijiyoyi su saki don kansu. Ba a ja, ba a dannawa, ba a gaggawa. Mene ne abin wuya a nan, masoyina?

Amma kai, haba! Ka ɗauke shi kamar ɗinkin da mai shi ke tsaye a kanka yana duba agogo. Ka fizgi ƙafa kamar kana jan yadi, ka danna ƙugu da ƙarfin tsiya don a gama da wuri. Ka tashi ciwo ya ninka, ka ce ai dama ka faɗa, wannan kwanciyar ragwaye ce. Ni da nake gefenka na ga abin da ba ka gani ba. Kana kife, idonka a rufe, amma ƙafarka ta dama tana ta taka keke a iska, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Jiki na ɗaki, ƙafa na shago! Innarka ma da ta leƙo cewa ta yi, shi kuma wannan wandon wa yake ɗinkawa a kwance? Na taya ta dariya, sannan na shige kicin na yi kukana.

Kai ka watsar da motsa jikin, ni ban daina ba, don ina so in san ko gaskiya likitar ta faɗa. Da farko kaina kamar kasuwa: wanki, kuɗin makaranta, abin da za a dafa. Sannu a hankali kasuwar ta watse. Ƙugun nan da ke damuna tun haihuwar auta ya saki, barci na ɗaukata da daɗi, na daina yi wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kai da bakinka ka ce kwanan nan na yi sanyi. Daga ina kake tsammani sanyin ya zo? Sannu ba ta hana zuwa, kuma ka fi kowa sanin zaren da aka fizga tsinkewa yake yi.

Ina son ka, son da ba ya jin kunya kuma ba ya jin magana. Ina so mu tsufa muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ina ɗaga kai in zan kalle ka. Ta yaya zan zuba ido kana karyewa a gabana, in kira wannan haƙuri?

Don haka ji abin da na yi. Da sassafe na zari mabuɗin shago daga aljihunka, na je na ajiye wannan takarda a kan kekenka, na dawo na mayar maka da shi. In ka taka ka ji allura ba ta motsi, kada ka zargi kowa, kada ka kira mai gyara. Igiyar da ke juya keken tana cikin jakata. Na san akwai irinta a kasuwa. Sayo wata, in cire wata. Tabarma biyu na nan shimfiɗe a ɗaki, da matashi a kan kowace. Ka zo mu kwanta a kai bayan la'asar, kullum, da safe in ba ka igiyarka da hannuna. Ka ɗaure fuska, ka ƙi cin girkina, ka kai ƙarata gun Inna, duk na ɗauka. Gara ka yi fushi da ni a tsaye da ka gode min a gadon asibiti.

Taka jiya, taka yau, taka ko za ka shekara ba ka ce min uffan ba,

Matarka mai taurin kai.