Kawu Ke Tari, Hadi Ke Ganin Likita

Anti Tahira, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Ɗambatta. Idan likita ya rubuta ciwon mutum, ni ce nake nemo lambar ciwon in shigar a kwamfuta, da ita masu inshorar lafiya suke biyan asibiti. Ko tari ma kowane iri da lambarsa.

Kawu Mani, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, manomi ne a ƙauyenmu wajen Makoda. Tun lokacin sussukar gero yake tari, ya ce ƙaiƙayi ne kawai. Ba shi da katin inshora, kuma ya rantse ba zai taka asibiti ba, wai kada a ce tarin fuka ne a daina cin tuwo da shi kwano ɗaya. Sai ɗansa Hadi, malamin makaranta mai kati, ya ɓullo da dabara. Shi yake zuwa gaban likita ya ƙaƙalo tari, ya zayyana ciwon Kawu kamar a jikinsa yake, a ba shi magani ya kai gida. To likita ya saurari ƙirjin lafiyayyen ƙato, me zai ji? Sai ya rubuta tarin mura, ni kuma in danna lambar da sunan Hadi, ina sane.

Ranar Juma'a na je gida na ga jini a tsumman da Kawu yake tofa kaki. Ya rame, wallahi har rigarsa ta yi masa yawa. Masu inshora kuma sun ce tarin Hadi ya cika daɗewa, sai an gwada kakinsa. Wai yanzu kakin Kawu Hadi zai kawo a matsayin nasa! In na yi magana katin Hadi ya tafi, wataƙila da aikina. In na yi shiru ina ji ina gani Kawu zai mutu. Kuka nake yi, Anti, yaya zan yi?

'Yar Kawu, Ɗambatta

Ƙanwata, share hawayenki ki saurare ni. Hadi ƙaunar mahaifinsa ce ta sa shi, na yarda, amma dabararsa ce take cinye dattijon nan. Kada ki bari ya kawo wannan kakin. Maganin tarin fuka da nauyin jikin mai ciwon ake auna shi, ana kuma bibiyarsa wata da watanni, a duba mutanen gidansu. Duk wannan zai faɗa kan Hadi, Kawu yana gida yana ƙarewa.

Abin da kuke wa wahala ma kyauta ne. Gwajin tarin fuka da maganinsa ba sa buƙatar kati a asibitin gwamnati. Ki samu dattijon da Kawu yake jin nauyinsa, limami ko amininsa, ya nuna masa ciwon nan ana warkewa, kuma in ya ƙi magani jikokinsa ne za su fara kamuwa da tarin. Gobe ku ɗora shi a mota ku kai shi asibiti.

Batun aikinki, ba zan yi miki alkawarin babu faɗa ba. Ki sami likita da kanki ki faɗa masa gaskiya a gyara lambobin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aiki ana samun wani, amma wanda ya riƙe ki guda ɗaya ne. Ki kai wa likita ƙirjin da yake tarin.

Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Anti Tahira