Ƙorafin Sanda Dillalin Doya Kan Turakun da Aka Kafa a Gonakin Garatu

Sanda Alhassan,
Dillalin doya,
Unguwar Fadikpe, Minna.
25 ga Yuli, 1984.

Zuwa ga Mai Girma Kantoma,
Ƙaramar Hukuma,
Minna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HAƊARIN DA ƘUNGIYAR BIN SAWUN MATAFIYA TA JEFA NI DA IYALINA CIKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a karanta wannan takarda yau, don Asabar mai zuwa ƙungiyar za ta koma daji, ni kuwa ban san ko zan kai Lahadi ba.

1. Ranar 14 ga wata, Alhaji Ndanusa, shugaban ƙungiyar, ya gayyace ni taronsu. Malamai ne da manyan ma'aikata, suna tara gudummawa don su bi hanyar da wani Bature mai zana taswira ya bi ta cikin daji zamanin mulkin mallaka. Ya ce in zo in ci shinkafa kawai. Ina cikin ci sai na ji sunana a lasifika. Ya tsayar da ni gaban jama'a, ya ce kakana ne ya yi wa Baturen dako, yanzu jikan zai ja su su sake buɗe ƙasar. Aka yi tafi, 'yan kasuwa suka yi ta alkawarin kuɗi. Ba a tambaye ni ba. Washegari rediyo ta faɗa, har da sunan mahaifina.

2. Ranar 21 muka tafi ƙauyen Garatu a motar ƙungiya. Na roƙe su mu fara gaida dattawan Garatu, kamar yadda ko mu masu sayen doya ba ma taka gona sai mai ita ya shige gaba. Shugaba ya ce rana na yi, ilimi ba ya jiran gaisuwa. Suka sauko da gajeren wando da malafa irin ta Turawa, wai don hoto, da sarƙar awo da turakun ƙarfe masu jan fenti.

3. Ranka ya daɗe, a cikin tsibin doya suka kafa turakun. Doyar da ko mai gonar bai taɓa ba, don ba a ci sabuwa ba tukuna. Na ce su bari, suka ce nan ƙasar ta fi laushi. Wata tsohuwa, Mama Phoebe, ta fito daga cikin kunyoyin gona ta ajiye fartanya ta ɗora hannu a ka. Ba su ta kalla ba. Ni ta kalla, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina bin mahaifina kasuwa.

4. Mutanen nan suna da dangin da aka tayar daga gonakinsu don aikin sabon babban birni, kuma can ma da turaku aka fara. Ga rediyo ta ce buɗe ƙasa. Wa zai gaya musu don hoto ne kawai? Baba Ndaman, wanda ya ba ni rumfa a kasuwarsu, ya aiko cewa kakana ya kawo Bature, ni na kawo ƙarshen magana, kuma ba zai iya riƙe samari ba idan motar nan ta sake bayyana.

5. Jiya da safe matata Barira ta buɗe ƙofa ta tarar da doya guda an soke ta da turke, an jingina a dokin ƙofa. Har nan Fadikpe. Wato sun san gidan. Tun lokacin ba ta bar yara sun fita ko ɗebo ruwa ba.

6. Na garzaya wajen Alhaji Ndanusa. Dariya ya yi, ya ce in kawo doyar a sa a ɗakin tarihinsu. Ya ce masu gudummawa suna jiran rahoto, tafiya ba fashi, kuma an riga an buga sunana.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya dakatar da tafiyar Asabar. A umarci shugaban ya je Garatu tare da wakilinka, ya zauna gaban dattawa, ya faɗa da bakinsa cewa ba ƙasa ake so ba, ya cire turakun da hannunsa. Idan ni na cire, za a ce ɓoye sawu nake yi. A kuma sa rediyo ta cire sunana daga maganar.

Su idan abu ya ɓaci za su shiga mota su dawo ofis. Ni fuskata aka sani.

Don Allah kada a aiko masinja gidana da kaki. Barira ba za ta buɗe ba, kuma ni na ce kada ta buɗe. Gobe tun safe ina bakin ofishinka, zan zauna har a kira ni.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Sanda Alhassan