Mutanen Da Suna Nan a Mansur, Ku Buɗe Musu Hanyar Jakuna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Tsohon Garin Masu Sarar Dutse na Bakin Teku, garin da tsofaffinmu ke kira Mahaƙa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da duk ma'aikatanku. Sunana Hafsatu, shekaruna goma sha uku, bana na shiga ajin farko na makarantar gaba da firamare. A Makka aka haife ni. A unguwar Mansur muke zaune, hawa na biyu, saman shagon mai gasa tsire. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba, don haka in na yi kuskure a ladabi ku yafe mini. Da Hausa na rubuta saboda kakana ya ce sai an karanta masa ya ji da kunnensa kafin ta bar gida, kada in rage masa magana. Kawu Salisu, ƙanin mahaifiyata da ke tuƙa tasi a unguwar Hindawiyya, zai juya ta zuwa Larabci ya kawo muku ofis. Ta Hausar kuwa za a sa ta a zauren hira na waya na mutanen unguwa, domin akwai gidaje da yawa da maganar ta shafa.

Kakan nawa sunansa Malam Garba, mu jikoki Sidi muke ce masa. Yana yaro ya biyo mahaifinsa daga ƙasar Sakkwato zuwa aikin hajji, suka tsaya aiki kaɗan kafin su koma, har yau ana kan komawar. A Mahaƙa ya girma, yana sarar farin dutsen bakin teku da ake ginin gidaje da shi, ɓaraguzan kuma a ƙona su zama farar ƙasa. Da siminti da bulo suka zo sai ramukan suka mutu, kowa ya kama gabansa. Sidi ya dawo Makka, bai sake taka garin ba. Shekara huɗu ke nan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, a keke muke tura shi, wanda a nan muke ce wa arabiyya.

Na farko, godiya.

Ranar Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah Kawu Salisu ya ajiye aiki ya kai mu, ni da mahaifiyata Ummi da Sidi. Wani fasinjansa ne ya ba shi labarin an gyara garin, ana zuwa kallo, har keken marasa lafiya na shiga ko'ina. Sidi bai yarda ba. Tun daga Makka yake cewa ba abin da za mu tarar sai ƙuda da kangwaye.

Ranku ya daɗe, kun ba shi kunya, kuma ya ji daɗin kunyar. Hanyar katakon da kuka shimfiɗa daga wurin ajiye motoci har cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, ni kaɗai na tura shi a kanta, ban ko yi haki ba. Mun ga ƙaguwoyi ƙanana suna gudu a karkace. Mun ga dogayen tsuntsaye masu jan ƙafa tsaye a ruwa da ƙafa ɗaya, Sidi ya ce waɗannan su ma tun zamaninsa ba su da aikin yi. Bayin da kuka gina ƙofarsa na da faɗi, akwai ƙarfen riƙewa, Ummi ta yi ta sa muku albarka a kansa fiye da kan tsuntsayen. Ɗakunan ma'aikata da suka rushe kun mayar da su masaukin baƙi. Matan garin suna soya kifi a rumfuna, wata ta ce mana ɗanta da ya tafi Jidda neman aiki ya dawo gida, yanzu shi ke ɗaukar baƙi a kwale-kwale. Tsohon murhun ƙona farar ƙasa yana nan tsaye. Sidi ya sa na matsa da shi, ya shinshina bangon, ya ce har yanzu yana jin warin da ya hana budurwarsa ta farko aurensa. Ummi ta ce, “Baba, ka ji tsoron Allah, da yarinya a nan.” Ya ce ai yarinyar amaryarsa ce, gara ta san da wa take zaune.

Duk wannan alheri ne, kuma mun gani. Na fara da shi don kada ku ɗauka butulci ne ya sa na ɗauki biro.

Na biyu, matakala tara.

Hanyar katakon tana tafiya lafiya har bakin babban ramin da aka sari dutse, wanda shi ne abin da kowa ya zo gani. A nan ta tsaya. Daga nan sai matakala, na ƙirga su sau biyu, tara ne, masu tsayi, da igiya a gefe. Duk mai ƙafa ya sauka. Mu muka tsaya a sama cikin rana, mu da wata tsohuwa mai sanda da wata mata mai keken jarirai.

Mai gadin wurin mutumin kirki ne. Shi da Kawu suka ce za su ɗaga Sidi da kekensa su sauka da shi. Sidi ya riƙe tayoyi gam. Ya ce shekara goma sha biyu yana fitar da dutse daga ramin nan a kan gammo, ba zai yarda a shigar da shi ciki kamar dutse ba. Ummi ta lallashe shi, Kawu ya yi masa faɗa a hankali, ya ƙi. Mai gadi ya ce wallahi bai taɓa ganin taurin kai irin wannan ba. Sidi ya ce masa ai dutse suka yi ta sara, dole wani abu ya shafe su.

Na uku, allon da ke bakin ramin.

Tun da ba mu sauka ba sai na fara karanta wa Sidi allon bayanin da kuka kafa a sama. Akwai hoton wani bango da ke can ƙasan ramin, cike da zane-zane, layuka da ɗigo da ƙananan da'ira. An rubuta cewa tsofaffin alamomi ne na mutanen da, ba a san su wane ne ba, wataƙila matuƙa jiragen ruwa ne na zamanin da ya shuɗe, kuma har yanzu ba a gano ma'anarsu ba.

Sidi ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sa aka matsa da shi har hancinsa ya kusa taɓa hoton. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke kawo masa tari, har Ummi ta ciro gorar ruwa. Da ya samu numfashi ya dafa ƙirjinsa ya ce, “Hafsatu, gaida mutanen da. Ga su nan a keke, ba su ko karya kumallo sosai ba.”

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya faɗa mini a mota, ya kuma sake faɗa mini sau uku a gida. Masu sara suna barin bango ɗaya ba sa taɓa shi, don kada ramin ya rufta. Yaron da ya shiga aiki ɗaukar ɓaraguzai yake yi, ba a ba shi gizago. Ranar da ya fara fitar da dutse guda cikakke, kusurwa huɗu, bai fashe ba, ranar ake kai shi gaban bangon nan ya sa alamarsa, a dafa shayi, daga nan ya zama mai sara. Yawancinsu ba su iya rubutu ba. Hausawan cikinsu sai kowa ya zana tsagar da ke fuskar mahaifinsa, saboda ita ce abin gida da ya fi sani. Na Sidi layi uku ne a tsaye da ɗaya a kwance. Kusa da shi akwai irinsa sak, amma ƙarami kuma a karkace. Wannan na ƙaninsa Isa ne, wanda zumuɗi ya sa hannunsa rawa. Isa ya rasu tun kafin a haifi Ummi, ba mu da hotonsa ko ɗaya.

Wata malama mai yi wa baƙi bayani tana tsaye kusa da mu, tana faɗa wa wasu mutane abin da ke allon, suna ta ɗaukar hoto. Sidi ya zungure ni, ya ce in je in gaya mata, tunda Larabcina ya fi nasa tsabta. Na yi taku biyu, sai na tsaya ina gyara mayafi har suka wuce. Ko a aji ba na ɗaga hannu. Sidi bai yi mini faɗa ba, ya dai ce amaryar tasa ta bar shi a filin daga. Wannan wasiƙar ita ce maganar da na kasa yi ranar.

Na sauka ni kaɗai na ɗauko hoton bangon a wayar Ummi. Bai yi amfani ba. Idon Sidi ya yi rauni, kuma ya ce ba da ido ake karanta bangon ba, da yatsa ne. Zurfin sara ke nuna mai shi. Wani Tanko Dogo yana danna gizago kamar yana fushi da dutsen, wani kuma Bayamane mai suna Salim shafa kawai yake yi. Alamomin da na ƙirga sun kai talatin da ɗaya. Sidi ya ce in ya taɓa su zai kira fiye da ashirin da sunansu da garinsu.

Na huɗu, hanyar jakuna. Wannan ne abin da Sidi ya fi so ku ji.

Ya ce in tambaye ku, cikin ladabi: kuna tsammanin ta matakala ake fitar da dutse? A gefen ramin na arewa, bayan murhun farar ƙasa, akwai gangara mai faɗi da su da kansu suka sassaƙa, tana lanƙwasa sau biyu don kada ta yi tsayi. Ta nan jakuna ke hawowa da kaya, dutse biyu-biyu. Da aka bar garin yashi ya rufe ta. Ku kuma da kuka zo kuka ga wuri mai laushi, sai kuka kewaye shi da shinge kuka dasa furanni. Furannin suna da kyau, na ɗauki hotonsu ma. Amma na zagaya na duba kamar yadda ya kwatanta mini, na tona da takalmina a gindin shingen, na taɓa dutse mai santsi a ƙasa. Tana nan.

Ba sai kun gina sabon abu ba. Sidi ya ce hanyar da jaki ya hau da dutse biyu, tsoho guda zai gangara ta a keke, kuma shi ya fi jakin hankali, ko da yake Ummi ta ce wannan sai an bincika.

Na biyar, dalilin da ya sa ba na so a jinkirta.

Cikin duk waɗanda suka sa alama a bangon, biyu kawai muka san suna raye. Ɗayan yana unguwar Misfala wurin 'yarsa, ba ya gane kowa yanzu. Saura Sidi. Lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwo fiye da ni, amma bara yana kiran sunayen abokan aikinsa a jere ba tsayawa, bana sai ya tsaya a wasu ya ce bari zai tuna. Ba ya son a lura, ni kuwa na lura, saboda ni ce mai rubuta masa su a bayan littafin lissafina na makaranta. Da na karanta masa wannan sashen ya ce in goge. Ban goge ba.

Don haka ga roƙona, ranku ya daɗe.

Ku kwashe yashin gangarar arewa ku haɗa ta da hanyar katako. Furannin a matsar da su gefe, kada a kashe su. Ba Sidi kaɗai zai amfana ba, tsohuwa mai sandar nan da mai keken jariran su ma sun koma ba su ga komai ba.

Ku turo wani da takarda da na'urar ɗaukar murya ranar da zai sauka, a rubuta sunayen daga bakinsa yana taɓa bangon. Akwai jikokin mutanen nan a Mansur da Hindawiyya da ba su san kakanninsu sun bar komai a ƙasar nan ba.

Sannan ku gyara allon. Malamar da ke bayani ba ta da laifi, abin da aka rubuta ta karanta. Sidi ya ce ba ya neman a sa hotonsa, amma in kun nace, a ɗauka ta gefen dama.

Allah ya saka muku da alheri kan garin da kuka tayar, ya ƙara masa baƙi da albarka, ya ba ku ƙafafun da za su ɗauke ku har tsufa, in kuma sun gaza ya haɗa ku da masu buɗe muku hanya.

Sidi ya sa an wanke masa farar rigarsa an goge, tana rataye a bayan ƙofa, ya hana kowa taɓawa. Duk lokacin da Kawu Salisu ya shigo, kafin ya amsa gaisuwa sai ya tambaye shi ko an buɗe wa jakuna hanya. Ranar da kuka buɗe, ni zan tura shi har gaban bangon, in ɗora masa yatsa a kan alamar Isa. In akwai baƙi a wurin, ni zan yi musu bayani. Na yi masa alkawari, kuma ina ta gwadawa a gaban madubi.

Wassalam, tare da girmamawa.

Taku,
Hafsatu jikar Malam Garba mai sarar dutse,
Mansur, Makka.