Gidan Sauron da Ba a Buga wa Ƙusa ba

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Lafiya na Gunduma, Hainan
Daga: Xing Yuelan, ungozoma, ƙauyen Baishi
Rana: 9 ga Agusta, 1993

Game da: Rabon gidan sauro ga masu juna biyu

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma. A yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koyi riƙe alƙalami. Wannan ce takarda ta uku.

1. Ran 4 ga Mayu ma'aikatanka suka kawo gidan sauro mai magani, kowane da ƙusa huɗu. Mun gode. Sai dai dokar ofis ta ce sai wadda cikinta ya tabbata za a ba. To, ranka ya daɗe, mahaifiyarka ma ta sani: ba a buga ƙusa a ɗakin mai ciki, ba a gusa gadonta, kada a soki ruhun da ke tsaron ɗan tayi, jariri ya fito da tsagaggen leɓe. Wato ana ba mace abin ne daidai ranar da ba ta da ikon rataya shi.

2. Na ce a kafa sandunan gora a kusurwoyin gado, a rataya shi a kansu. Tsofaffi suka ce sai an ja gado daga bango, wai ni da na yanke cibiyar rabin garin nan ashe tsufa ya fara taɓa ni. Ƙwayar rigakafin zazzaɓin da kuke rabawa kuwa, matan sun ce abin da ya kai wannan ɗaci zai zubar da ciki. Kaji suke watsa wa.

3. Ran 17 ga Yuni zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke Fu Aju da cikin wata takwas. Gidan sauronta yana ƙarƙashin matashi, ko ɗaurinsa ba a kwance ba. Matan ba su tsorata da sauro ba. Cewa suka yi mijinta ne ya jawo, da ya buga ƙusa wajen gyaran taga.

4. Tun bara na roƙa a riƙa ba amare ranar biki, a rataya kafin ciki ya shiga. Aka amsa mini cewa amarya ba ta cikin jerin waɗanda za a ba.

5. Jikata Qiumei tana wata bakwai. Ran Talata na shiga ɗakinta da guduma, na ɗora ƙusa a bango. Ta kama zanena tana kuka, wai ni kakarta so nake ta haifi abin nuni. Ba zan ɓoye maka ba, hannuna ne ya ƙi, ba ita ta hana ni ba. Shekaranjiya ta fara rawar sanyi.

Ina roƙo da ƙanƙan da kai a turo likita ya duba Qiumei cikin makon nan, a kuma sa amare a jerin. In amsar sai bayan girbin shinkafa za ta zo, kamar ta bara, a bar batun likita. A duba na amaren kawai.

Taka mai biyayya,
Xing Yuelan