Tsanin Kaka Sarmoye

Asabar, 4 ga Rajab
Baber mai haƙar rijiya ya zo. Ya tambayi inda Kaka Sarmoye yake kwance a tsakar gida, kada ya taɓa shi. Kabarin ba shi da alama, ni kaɗai na rage da na san wurin a duk garin Jenne. Mahaifina ya ce: tsanin da muka gada kamu sha uku ne, kansa a turken bango, gindinsa a kan Kaka, biyar da sha biyu. Turaku biyu ne, itatuwan da suka ɓullo daga jikin bango, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na jingina shi a turken sama. Gindinsa ya tsaya kamu biyar daga bango, inda nake addu'a shekara arba'in. Na ce wa Baber ya haƙa can a kamu sha biyu.

Lahadi, 5
Da hantsi tsanin ya zame. Ba iska, ba akuya. Kansa ya sauko turken ƙasa, gindinsa ya ja layi har bakin ramin Baber. Na mayar.

Talata, 7
Niyamoye 'yar ƙanena, mai koyar da lissafi, ta zo da kifi. Ta zana tsanin a ƙasa da tsinke.
"Baba, kusurwar gindi da kusurwar kai, in ka haɗa, casa'in ne. Sinis ɗin wannan shi ne kosinis ɗin waccan."
Na ce ta yi mini maganar mutane.
"In ka musanya su, abin da bango ya ci sai ƙasa ta ci. Biyar a ƙasa sha biyu a bango, ko biyar a bango sha biyu a ƙasa. Wane turke mahaifinka ya ce?"
Na ce, ke da na yanka wa ragon suna? Ta ce, "Ragon ma rabi kuka cinye, tsoho." Ban yi dariya ba.

Laraba, 8
Ya sake zamewa, ina kallonsa. A hankali, kamar ana riƙe da shi. Na auna da hannuna. Sha biyu cif.

Alhamis, 9
Rami ya kai ƙugu. Baber ya fito yana goge hannu a wando, ya ce ƙasar laushi gare ta kamar an taɓa juya ta, kuma tana ƙanshi. Na ce masa shi raggo ne. Ya ce, "To maigida, sauka ka shinshina." Ban sauka ba. Ciwon gwiwa.
Na duba turken ƙasa. Gurbi biyu a jikinsa, sun yi sulɓi, daidai faɗin tsanin.

Juma'a, 10
A masallaci abin ya faɗo mini, liman na cikin huɗuba. Benen sama ni na ɗora shi, shekarar ambaliya. Turken sama ni na kafa. Mahaifina ya rasu damina biyu kafin nan. Turken ƙasa kaɗai ya sani.
To wa nake gaisarwa a kamu biyar?

Asabar, 11
Na sa Baber ya cike ramin. Na ce ruwan wurin zartsi zai yi. Ya dube ni, ya mayar da ƙasar da hannu, bai taɓa shebur ba.
Na aika wa Niyamoye ta zo da littafinta. Akwai mutum goma sha ɗaya a gidajen unguwar nan da ni kaɗai na san makwancinsu. Ba wai na manta ba. Ta dai rubuta, mu auna tare.