Na Ɓoye wa Likita Ciwon da Ya Riga Ƙwaya Kama Ɗana

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, ni ma ban yafe wa kaina ba.

A Kusada nake, mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu. Babban namiji ne, tela a Kankia. Ƙwaya ta kama shi har ya daina buɗe shago, na kai shi asibiti Katsina. Likitar ta zaunar da ni ta ce, “Mama, kafin ya fara sha akwai abin da ke damunsa? Akwai mai ciwon damuwa a dangi? In akwai, tare ake maganinsu, don in an bar ɗaya shi zai dawo da ɗayan.” Na dubi idonta na ce babu, abokan banza ne kawai.

Ƙarya na yi. Tun kafin ya san ƙwaya yakan kulle kansa a ɗaki, ba ci ba wanka, sai hawaye. Haka babansa ya yi fama, ni kaɗai na sani. In ciwon ya taso wa baban sai in ce ya tafi fatauci, alhali yana ƙuryar ɗaki. To yaya zan buɗe baki yanzu, ga ƙanwarsa an sa mata rana da wani yaron kirki a Yashe? Shaye-shaye a ce halinsa ne. In kuwa aka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne a jini, wa zai ɗauke ta?

Da aka sallame shi, muna cikin mota ya ce a hankali, “Inna, na ji abin da kika ce wa likita. Shi ya sa ni ma na ce babu.”

Yanzu ya koma ɗakin, jiya kuma na ji ya sayar da keken ɗinkinsa. Nakan ajiye tuwo a bakin ƙofa, in dawo in ɗauke shi ya huce. Mata na shigowa maganar biki, ina dariya da su, babu wadda zan iya ja gefe.

Ranar komawarmu asibiti ta kusa, bikin kuma sai bayan girbi. In na faɗa, ƙanen babansu da ke raka mu zai ji, shi ne kuma waliyyin yarinyar. In na jira, ban san ko ɗana zai kai girbin ba. Dukansu ni na haifa. Me zan yi?